Ƙanƙantar wurin aiki ba ta hana hutun haihuwa

Wata malama daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta rubuto mini. Shekararta uku tana riƙe da kuɗi da takardu a wani kantin magani mai ma'aikata biyar, ba ta taɓa samun konje, wato hutun aiki, ba sai ranakun salla. Yanzu cikinta wata shida. Mai kantin ya ce in ta haihu ta yi arba'in ta dawo, in ba haka ba ya ɗauki wata, wai hutun watanni na ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni.

Malama, Allah ya sauke ki lafiya. Maganar mai kantin ba ta da tushe. Dokar aiki ta Nijar, mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012, ta hau kan duk wanda ya ɗauki mutum aiki yana ba shi umarni yana biyansa, ko ma'aikacinsa ɗaya ne. Rashin kwantaragi a rubuce ma bai fitar da ke ba, domin aikin da ba a yanka masa wa'adi ba yana ƙulluwa ko da baki.

Hutun haihuwarki mako 14 ne a jere, takwas daga ciki bayan haihuwa. In likita ya shaida rashin lafiya saboda cikin ko haihuwar, ana ƙara har mako uku. A tsawon wannan lokaci ba shi da ikon sallamarki. Bayan kin koma kuma kina da sa'a ɗaya kowace ranar aiki don shayarwa, har jariri ya cika wata 12.

Inda na fi damuwa shi ne kuɗin. Asusun kula da ma'aikata, wato CNSS, wanda muke kira kes, shi ke biyan rabin albashin mai jego, amma sai wadda aka yi wa rajista ake kuma zuba mata kuɗi. A nan ƙananan wurare suka fi cutar mutane, wani lokaci da gangan, sau da yawa don mai wurin yana ganin ma'aikatansa tamkar yaran gida ne: goron salla, buhun hatsi da azumi, taimako in an yi rashi. Alheri ne, Allah ya saka, sai dai ba ya zama fansho ran tsufa, ba ya biyan magani in an ji rauni a bakin aiki. Rajistar wajibi ce a kansa. Ki je ofishin kes da katinki na ɗan ƙasa ki tambaya ko kina da lamba.

Konjen shekara kuwa kwana biyu da rabi ne kan kowane watan aiki, kwana 30 ke nan a shekara, da biya. Na shekarun da suka wuce ki sa shi cikin abin da za ki nema. Ki duba albashinki ma, mafi ƙanƙanta a doka jaka 42 ne a wata tun Janairun 2024, a kan sa'a 40 a mako.

Ban ba ki shawarar fara da kotu ba. Garin nan kowa ya san kowa, ke ma aikin kike so ki riƙe. Ki fara tattara shaida: takardun biyan albashi in ana ba ki, saƙonnin WhatsApp da ke nuna lokacin da kika fara, sunayen abokan aikin da za su iya shaida. Sannan ki rubuta masa takarda cikin ladabi, ki haɗa da ta awon ciki mai nuna lokacin haihuwa, ki faɗi ranar da za ki fara hutu, ki ajiye kwafi. In akwai dattijon da yake jin nauyinsa, ki tafi da shi.

In ya ƙi, sai ofishin sufeton aiki na jihar Zinder. Sufeto zai kira ku duka biyu ya nemi sulhu, abin da aka amince a kai a rubuta a sa hannu. In sulhu ya gagara, maganar ta wuce kotun da ke shari'ar aiki. Kafin nan, ko ya matsa miki, kada ki sa hannu a takardar ajiye aiki, kada kuma ki daina zuwa kanti sai ranar da kika rubuta a takardarki.