Amsa ga Malam Auwalu kan labarin Yahudawan Denmak

Salamu alaikum jama'a. Malam Auwalu, na ji saƙonka, kana tambaya ko labarin da ka karanta na yarinya Bayahudiya da aka ɓoye a jirgin masunta gaskiya ne. Na gane inda ka dosa, so kake ka ji ko Turawa ne suka shirya mana tatsuniya. To yarinyar dai marubuci ne ya ƙirƙire ta, amma abin ya faru. Jamus ta mamaye Denmak tun Afrilun 1940. A ƙarshen Satumbar 1943 wani jami'in Jamus ɗin da kansa, Duckwitz, ya tsegunta wa 'yan siyasar ƙasar cewa za a kwashe Yahudawa a daren 1 ga Oktoba. Cikin 'yan makonni aka tsallakar da mutum sama da 7,000 zuwa Suwidin. Ruwan da ke tsakanin Denmak da Suwidin ma ba wani faɗi gare shi ba, ta wajen garin Helsingor kilomita 4 ne kawai.

Ni inda marubutan nan ke ba ni haushi, sai su wanke kowa tas. Masuntan nan kuɗi suka karɓa fa! Kimanin kroner 1,000, wato kuɗin Denmak, a kan kowane mutum. Ba wai ina zaginsu ba ne, mutum ya sa jirginsa da ransa a haɗari, ai dole. Amma a rubuta mana haka. A rubuta yadda aka yi karo-karo aka biya wa marasa hali, da yadda likitoci suka riƙa yi wa jarirai allurar barci don kada su yi kuka a cikin jirgi. Ga garin Gilleleje, mutum wajen 80 sun ɓuya a saman coci, 'yan Gestapo, wato 'yan sandan sirrin Jamus, suka zo cikin dare suka kwashe su. Gaba ɗaya Yahudawan Denmak kusan 500 aka kai sansanin tsare mutane na Theresienstadt.

Sannan maganar sarkin nan na Denmak, Christian na 10, wai ya maƙala tauraro mai ruwan ɗorawa, alamar da Jamus ke tilasta wa Yahudawa sawa, a ƙirji ya fito kan doki don nuna goyon baya. Ƙarya ce! Yana fita kan doki kam, wannan gaskiya ne, amma a Denmak ba a ma taɓa tilasta wa Yahudawa sa tauraron ba, to me zai maƙala? Bara a nan muka yi ta wannan musun, har aka ce ina da taurin kai. Don Allah kada wani ya sake turo mana wannan labarin.