Madubin saiti ne ya lalace, ko bindigar iskar ce ta gaji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Ingila, kuma na shiga wata ƙungiyar wasan harbi inda muke harbin takarda daga nisan mita 25. Bindigata ta iska ce mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, tana cin ƙwayar dalma mai faɗin milimita 4.5. Na ɗora mata madubin saiti mai lamba 3-9x40 wanda wani abokina ya cire daga bindigarsa ta farauta ya ba ni. Da farko harbin yana taruwa wuri guda, amma yanzu duk ranar da na je sai in tarar dalmar tana sauka a wani wuri dabam. Ina da sha'awar haɗa ƙananan na'urori da Arduino da Raspberry Pi. Shin zan iya haɗa na'urar auna gudun dalma da kaina don in gano ko bindigar ce ta lalace, ko kuwa in sayi madubi mai tsada in huta? Sannan zan iya tafiya da bindigar gida Kano idan na je hutu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Shawarata ita ce kada ka fitar da kuɗin sabon madubi tukuna, domin abubuwa huɗu ne ke iya kawo abin da ka bayyana, wato maƙalin da ke riƙe madubin, da yadda kake riƙe bindigar, da shi madubin kansa, sai kuma cikin bindigar, kuma kowanne yana da hanyar gwaji mai sauƙi. Na'urar da kake son haɗawa za ta amsa tambaya ɗaya ce kawai daga cikin huɗun, amma amsar tana da amfani ƙwarai.

Mu fara da abin da ya bambanta bindiga mai sifirin da ta albarushi, tun da a nan ne mafi yawan sababbin 'yan wasa suke yin asara. Bindigar albarushi baya kawai take bugawa, saboda haka masu ƙera madubin farauta suna ɗaure gilasan ciki ne ta yadda za su jure bugu daga ɓangare guda. Ita kuwa mai sifirin bugu biyu take yi cikin ƙiftawar ido: idan ka ja kunama, fistin ya zabura gaba, sai bindigar ta ja baya, sa'an nan idan fistin ya kai ƙarshe ya tsaya cak sai ya fizgi bindigar gaba da ƙarfi, ga kuma karkarwar sifirin a kai. Wannan fizgar ta biyu ita ce ke kwance gilasai, ta tsinke siririyar wayar da ke nuna saiti, ko da madubin ya shekara goma a kan babbar bindigar farauta bai yi komai ba. Shi ya sa ake neman madubin da kamfaninsa ya rubuta cewa ya dace da bindiga mai sifirin, kuma an fi son wanda aka zana layukan saitinsa a jikin gilashi maimakon a ɗaura waya.

Sai dai kafin a zargi madubi, a duba maƙali. Yawancin waɗannan bindigogi suna da kwarmi biyu a bayansu, tsakaninsu milimita 11, kuma fizgar da na ambata tana sa maƙalin ya riƙa sulalewa baya a hankali har ba a lura. Ka sa fensir ka yi alama a jikin bindiga daidai gefen maƙali, ka yi wata a jikin madubi daidai gefen zobe, sa'an nan ka yi harbi talatin ka duba. Idan alamar ta gusa, maganin shi ne maƙali mai gindi ɗaya wanda yake da 'yar ƙusar tsayarwa da ke shiga ramin da aka tanada a bayan bindiga. Ka duba kuma sukurorin da ke haɗa ƙarfen bindiga da katakonta, da wanda bututu ke juyawa a kansa, domin sukuru ɗaya da ya yi sako-sako ya isa ya watsa harbi. Na zoben madubi kuwa kada ka matse su da dukan ƙarfinka, ka bi ma'aunin da kamfanin ya bayar, don matsi mai yawa yana lanƙwasa jikin madubin ya hana abin juya saiti aiki.

Game da riƙo, dalma ba ta fita daga bututu sai bindigar ta riga ta fara motsi, saboda haka duk bambancin da aka samu a matsin hannu ko na kafaɗa zai bayyana a kan takarda. A ɗora gaban bindigar a kan buɗaɗɗen tafin hannu, a wuri ɗaya kullum, a bar ta ta yi motsinta, kada kuma a kwantar da ita kai tsaye a kan abu mai tauri.

Akwai wata matsala da nake kyautata zaton madubin abokinka yana da ita ko da lafiyarsa ƙalau. Madubin farauta da ba shi da zoben daidaita nisa yawanci an tsayar da shi ne a yadi 100, wato kimanin mita 91. A wannan nisa ne kawai hoton abin da ake bara yake faɗawa daidai kan layukan saiti a cikin madubin. A kowane nisa dabam, idan idonka ya gusa kaɗan daga tsakiya, sai layukan su yi kamar suna yawo a kan takarda, kamar yadda allurar sikelin kasuwa take nuna nauyi dabam ga wanda ya leƙa ta daga gefe. Masu wasa suna kiran wannan faralaks. Ga madubi mai gilashin gaba na milimita 40 da aka tsayar a mita 91, kuskuren a mita 25 yana iya kaiwa kusan santimita ɗaya da rabi a kowane ɓangare, kuma wannan ya isa ya fitar da kai daga tsakiya ba tare da bindigar ta yi laifin komai ba. Gwajin ba shi da wuya: ka kafa bindigar a kan jakar yashi, ka cire hannunka, ka ɗan motsa kanka sama da ƙasa kana kallo. Idan layukan sun motsa a kan takarda, to ka ga matsalar da idonka. Madubin da ya dace da kai shi ne mai alamar AO, wato mai zoben daidaita nisa a gabansa, ko mai abin juyawa a gefen hagu, wanda yake iya saukowa har yadi 10.

Gwajin lafiyar cikin madubi kuwa shi ne zagaye murabba'i. Galibin irin wannan madubi kowane ƙas ɗaya na abin juya saiti rubu'in MOA ne. MOA ɗaya kashi ɗaya ne cikin 60 na digiri, wanda ya yi daidai da milimita 29 a nisan mita 100, ko milimita 7.3 a mita 25, ke nan ƙas ɗaya a filinku bai wuce milimita 1.8 ba. Ka yi harbi biyar, ka juya ƙas 20 sama ka yi biyar, ƙas 20 dama ka yi biyar, ƙas 20 ƙasa ka yi biyar, sa'an nan ƙas 20 hagu ka yi biyar, duk kana bara ga ɗigo ɗaya. Lafiyayyen madubi zai ba ka kusurwa huɗu masu tazarar kimanin milimita 36, kuma biyar na ƙarshe za su koma kan biyar na farko. Idan ba su koma ba, bayan ka tabbatar da maƙali da sukurori, to a nan ne kuɗin sabon madubi ya halatta. Ko a lokacin ma ba mai tsada kake buƙata ba. Manyan madubai masu kusanto da abu sau 40 ko 50 na masu gasar fili ne, waɗanda ke auna nisa da madubin kansa tsakanin yadi 10 zuwa 55, kuma a gasar Olamfik ta mita 10 ma ba a yarda da madubi mai kusanto da abu ba sam.

Yanzu sai na'urar auna gudu. E, za ka iya haɗa ta, kuma aiki ne mai daɗi. Ƙofofi biyu ake yi a jere, kowace da fitilar infared a gefe guda da fototiransista, wato ƙaramar na'urar jin haske, a ɗaya gefen, dalma ta yanke hasken farko agogo ya fara ƙirga, ta yanke na biyu ya tsaya, sai a raba tazara da lokaci. Wahalar duk tana cikin ƙanƙantar lokacin. Dalma mai gudun mita 240 a daƙiƙa tana ratsa santimita 10 cikin maikrosakan 417 (maikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na daƙiƙa), kuma inuwarta a kan kowace ƙofa ba ta wuce maikrosakan ashirin da wani abu ba. Wannan ya fitar da na'urar jin haske mai arha da ake kira LDR daga lissafi, domin ita sai ta ɗauki milisakan da yawa kafin ta farga. Ka sa fototiransista ko fotodayod, ka bi da siginarsu ta cikin guntun kwatanta sigina mai suna LM393 don ta fito da kaifi.

Raspberry Pi mai tafiya da Linux bai dace da ƙirgar ba, saboda tsarin yana iya shagala da wani aiki daidai lokacin da dalma ke wucewa. Ka bar masa aikin adana sakamako da zana jadawali. Arduino Uno ya fi, amma akwai tarko a cikinsa. Umarnin micros() da kowa ke fara amfani da shi yana tsallake huɗu-huɗu ne, kuma maikrosakan 4 cikin 417 kusan kashi 1 cikin 100 ne, wato sama da mita 2 a daƙiƙa. Mafita ita ce ka yi amfani da Timer1, wato agogon ƙirga da ke cikin ATmega328P, guntun da ke tafiyar da Uno, kai tsaye, ka haɗe siginar ƙofofin biyu ka kai ta fil na 8, inda guntun yake kama lokaci da kansa ba tare da jiran manhaja ba. Da agogon megahaz 16, kowane bugu nanosakan 62.5 ne, ke nan tafiyar dalmar za ta ba ka bugu kimanin 6,667, kuma ma'ajin ba ya cika sai bayan milisakan 4. Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a 2021, shi ma yana yin wannan aiki da kyau, domin ba Linux a cikinsa.

Bayan an gyara agogo, babban kuskuren da ya rage na tazara ne. Milimita ɗaya da ka kuskure cikin 100 kashi 1 ne a gudu, kashi 2 a ƙarfi. Ka ƙara tazarar zuwa santimita 20 idan da hali, ka sa hasken ya bi ta siririyar tsaga, ka rufe ƙofofin daga hasken rana da na dogayen fitilun rufi masu ƙyaftawa, kuma ka ja na'urar gaba kaɗan daga bakin bindiga don iskar da ke fita kada ta ruɗe ta. A yi gwajin a filin ƙungiya, da abin tare dalma a baya da tabarau a ido, domin dalmar da ta bugi gefen na'ura tana iya dawowa.

Idan ka harba goma da dalma iri ɗaya ka ga bambanci tsakanin mafi sauri da mafi jinkiri bai wuce mita 5 a daƙiƙa ba, cikin bindigarka lafiya yake. Irin wannan bambanci a mita 25 ba ya gusar da dalma fiye da milimita biyu zuwa uku, don haka ba shi ne ke watsa maka harbi ba. Idan kuwa bambancin ya kai 15 ko 20, ko gudun yana raguwa mako bayan mako, sai a duba robar gindin bututu inda ake sa dalma, da robar fistin, da sifirin ɗin ko ya karye, kuma wannan aikin maƙerin bindiga ne, domin matsattsen sifirin yana raunata wanda ya kwance shi ba da kayan aiki ba.

Abin da ban yarda ka dogara da na'urar gida a kansa ba shi ne doka. A Ingila da Wales, doguwar bindigar iska da ƙarfinta ya haura fut-fam 12, wato kimanin jul 16.27, sai da takardar izinin mallakar makami. Ƙarfi shi ne rabin nauyi sau gudu sau gudu, saboda haka dalma mai nauyin giram 0.547 a gudun mita 240 tana ba da jul 15.75, a mita 244 kuwa ta taɓa iyaka. Tsakanin halal da laifi ke nan mita 4 ne kacal a daƙiƙa, abin da milimita biyu na kuskure a tazarar santimita 10 za su haɗiye, ga shi kuma bindiga ɗaya tana iya ba da ƙarfi dabam idan aka sauya nauyin dalma. Ka gwada taka da na'urar ƙungiya ko ta shagon bindiga a rana ɗaya da dalma iri ɗaya, ka rubuta bambancin, kuma ka bar rata mai kyau ƙasa da iyakar. Sikotlan ma dokarta dabam ce, tun ƙarshen 2016 ake neman takarda a kan bindigar iska a can.

Tafiya da ita Kano kuwa ban ba ka shawara ba. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta lissafa bindigar iska cikin makaman da ba a mallaka sai da lasisi daga Sufeto-Janar na 'yan sanda, shigo da ita ƙasar ma yana buƙatar nasa izinin, kuma cewa a Ingila ba a nemi takarda a kanta ba ba hujja ba ce a gaban jami'in kwastan. Ka kulle ta a inda kake zaune, ko ka tambayi ƙungiyarku ko shagon bindiga mai rajista ko za su ajiye maka ita har ka dawo.