Amsa ga mai neman jan wain mai araha na Kirsimeti

Wayyo 'yar'uwa, ina ganin tambayarki wai surukai za su zo Kirsimeti kina neman jan wain mai araha da zai shiga da tsire da farfesu, sai da gabana ya faɗi, don a irin wannan hidimar na sha kunyar da har yau take ci na. Wani mai shago ne a wajen Sabon Tasha, mutumin da na daɗe ina ciniki da shi har Mama yake ce min, ya ɗauko min kwalba cikin waɗanda yake jerawa bakin ƙofa rana na dukansu tun safe har yamma, yana ta rantsuwa sabon kaya ne. Aka buɗe gaban baƙi, kalar ta koma ruwan ƙasa, tsami ya doki hanci. Yayan maigidana ya kurɓa ya ajiye kofin bai ce uffan ba, gara ma da ya zage ni. Na koma wajen mutumin nan wai ai haka na Turawa yake, bakina ne bai saba ba. Ni! Ko kobo bai mayar min ba, kuma kwalaben suna nan a rana har gobe.

To ki guji duk kwalbar da ta sha zafi, ki shiga shagon da ke ajiye kaya a inuwa, ki duba lambar NAFDAC da murfi ko an taɓa shi don jabu ya yi yawa lokacin biki.

Maganar tsire kuma, yaji ba ya shiri da wain mai ƙarfi, irin mai 13 ko 14 cikin ɗari ɗin nan ƙara wa barkono wuta yake yi a baki. Ki ɗauki mai zaƙi-zaƙi, ni Four Cousins na Afirka ta Kudu nake saye, ƙarfinsa bai kai 10 cikin ɗari ba. Wanda aka rubuta Cabernet Sauvignon yana da bauri kamar goro, daga ɓawon inabin yake fitowa, shi balangu mai kitse yake so, kitsen ne ke kwantar da baurin. Merlot ya fi shi laushi. In farfesun na kifi ne kar ma ki haɗa su, ƙarni zai taso.

Ki sa a firij kamar minti 20 kafin a zuba, da zafin garin nan ba a shan shi da ɗumi, in an ɗauke wuta ki tsoma kwalbar a bokitin ƙanƙara. Kuma don Allah ki dafa zoɓo mai citta da kanumfari ki ajiye gefe, maƙwabta Musulmi za su shigo barka da Kirsimeti, tsofaffin surukan ma wasu ba sa sha, tawa surukar ko warinsa ba ta so a falo.