Tambayoyi da Amsoshin Lafiya: Jijiyoyin da Ke Riƙe da Gaɓoɓi, Daga Gwiwa Har Haƙori

Tambayoyi huɗu na zaɓo wannan karon, kuma duk a kan abu guda suke, ko da yake masu su ba su sani ba. Kalmar jijiya faɗi gare ta a bakinmu: ta jini jijiya ce, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya ce, agara ma jijiya ce. Wadda nake nufi yau ita ce mai ɗaure ƙashi da ƙashi ko riƙe wani sashe na jiki a gurbinsa, fara, mai ƙarfi kamar igiya. Jinin da ke kai mata kaɗan ne, shi ya sa in ta ji rauni ba ta saurin warkewa.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Shekaruna 23, ina buga ƙwallo. Wata biyu ke nan na yi juyi da gudu, babu wanda ya taɓa ni, sai na ji ɓas a gwiwata, na zube. Kafin dare ta kumbura suntum. An ɗauki hoton ƙashi an ce lafiya lau. Yanzu ciwon ya tafi, amma in ina saukowa daga bene sai in ji gwiwar ta kufce. In koma fili?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, dakata tukuna. Manyan jijiyoyi huɗu ke riƙe da gwiwa: biyu a gefe da gefe, biyu kuma can ciki sun gitta juna. Ta gaban cikin masu gittawar, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba ya bar na cinya. Ƙarar da ka ji, da kumburin da ya zo cikin sa'o'i kaɗan saboda jini ya taru a gaɓar, da wannan kufcewar, duk ita suke nunawa. Kada ka yi mamakin cewa ba a taɓa ka ba. Akasarin masu tsinkewar wannan jijiya haka suke samunta, ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya juya. 'Yan wasa mata ma sun fi maza faɗawa cikinta.

Hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa, ba ya ganin jijiya. Abin da kake buƙata shi ne likitan ƙashi ya kwantar da kai, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya jawo ƙwaurin da ɗayan. In jijiyar na nan zai ji ta tokare. In ta tsinke sai ƙwaurin ya taho sako-sako. Daga nan hoton MRI, wanda ke nuna jijiya da nama, ya tabbatar, ya kuma duba ko guringuntsin gwiwar ya yage, don sau da yawa tare suke tafiya. Nan damuwata take: duk kufcewar da gwiwarka ta yi, guringuntsin nan take ci, shi kuwa in ya lalace ciwon gaɓa ne ke jiranka tun ba ka tsufa ba.

Ba kowa ake yi wa tiyata ba. Wanda tafiya da gudu a miƙe suka ishe shi yana iya zama lafiya da gashi da ƙarfafa tsokar cinya. Amma mai son juyi da tsalle a fili galibi sai an yi masa. Yawanci ba ɗinke ta ake yi ba, ana yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a madadinta. Komawa wasa kan ɗauki wata 9 zuwa 12. Virgil van Dijk na Liverpool ya samu wannan rauni a watan Oktoban 2020 a wasansu da Everton, kuma duk da irin kulawar da ƙungiyarsa ke da ita, bai sake buga wasa ba a wannan kakar. To ina ga kai?

Tambaya: Likita, na yi targaɗe a idon sawu bara, tun daga nan ƙafar ba ta rabuwa da gurɗewa. Me ya jawo?

Amsa: Targaɗe rauni ne na jijiya, ko ta miƙe fiye da kima, ko ta ɗan yage, ko ta tsinke. A idon sawu na gefen waje ne suka fi shan wahala, don ƙafa ciki take lanƙwashewa. Jijiyar nan ba ɗauri kaɗai take yi ba, tana kuma sanar da ƙwaƙwalwa yadda ƙafa ta taka. Bayan rauni wannan saƙon kan yi rauni shi ma, sai ka riƙa taka ƙasa a karkace ba ka sani ba. Maganinsa atisaye: ka tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30, sau da yawa a rana, in ka ƙware ka gwada ido a rufe kusa da bango. In sabon targaɗe ya faru, a ɗaga ƙafar, a sa ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a naɗe da bandeji, ban da murza da ja. Wanda ya kasa taku huɗu ya je a duba ko karaya ce.

Tambaya: Likita, ina da juna biyu wata biyar. In na tashi da sauri ko na yi atishawa sai in ji suka a gefen marata.

Amsa: 'Yar'uwa, mahaifa ma tana da jijiyoyi biyu da ke riƙe da ita dama da hagu, kuma girman ciki na jan su. Sukar kan zo farat ɗaya ta wuce cikin daƙiƙoƙi. Ki riƙa tashi a hankali, ki ɗan duƙa in za ki yi atishawa. Amma in ciwon ya ƙi tafiya, ko ya zo da jini, zazzaɓi ko zafin fitsari, kada ki jira ranar awo.

Tambaya: Likita, shekaruna 47, ina da ciwon suga. Haƙorana na gaba sun fara girgiɗa, dasashina na jini in na goge baki, amma babu kogo ko ɗaya. Yaya haƙori mai lafiya zai yi girgiɗi?

Amsa: Malam, haƙorin lafiyarsa lau, mariƙinsa ne ke ciwo. Mutane na zaton haƙori a manne yake da muƙamuƙi kamar ƙusa a katako. Ba haka ba ne. Tsakanin saiwarsa da ƙashi akwai jijiya siririya, kaurinta bai kai rabin milimita ba, haƙorin a rataye yake a cikinta. Ita ke shanye ƙarfin tauna, ita ke sa ka ji ɗan ƙwayar yashi tsakanin haƙora. Ita ce kuma ke ba wayar gyaran haƙori damar matsar da shi sannu a hankali. Haƙorin dashe na ƙarfe ba shi da ita.

Idan datti ya daskare a gindin haƙori, ƙwayoyin cuta kan kumbura dasashi, su gangara su cinye jijiyar da ƙashin da ke kewaye. Wannan ciwo ba ya cika zafi, shi ya sa ake makara. Ciwon suga da shan taba na ƙara masa gudu, shi ma kumburin yana wahalar da saita suga. Abin da ya riga ya zaizaye da wuya ya dawo duka, amma ana tsayar da ɓarnar: likitan haƙori ya kankare dattin har ƙarƙashin dasashi, kai kuma ka goge baki sau biyu a rana da burushi mai laushi, ka tsaftace tsakanin haƙora. Kada jinin ya sa ka daina gogewa.

Tunda mun zo nan, bari in ƙara wannan saboda iyaye. In haƙori ya fita ɗungurungum sakamakon faɗuwa ko duka, a riƙe shi ta kansa, kada a taɓa saiwar, kada a kankare ta, domin ragowar jijiyar da ke jikinta ita za ta sa ya sake kamawa. A ɗauraye shi kaɗan a mayar da shi gurbinsa, in ba a iya ba a tsoma shi cikin madara, a kai ga likitan haƙori cikin sa'a guda. Ban da haƙorin yaron da bai yi famfara ba. Wannan ba a mayar da shi, don kada a ɓata wanda ke tahowa a ƙarƙashinsa.