Amsoshin Tambayoyinku: Yaron Garejin da Ya Zama Direban Ferrari

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne a Ƙofar Ruwa, nan cikin birnin Kano. Maigidanmu yakan ba mu labarin wani Bature da aka haifa a Afirka, ya fara da aikin yaron gareji, har ya zama direban tseren Ferrari, daga bisani wuta ta yi ajalinsa. Shin gaskiya ne, kuma yaya abin ya faru?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Maigidanku bai yi ƙari ba, domin mutumin da yake nufi shi ne Lorenzo Bandini, ɗan ƙasar Italiya, wanda aka haifa ranar 21 ga Disamba 1935 a garin Barce na Libiya, wato Al-Marj a yau, lokacin da ƙasar ke ƙarƙashin mulkin mallakar Italiya. Bayan iyayensa sun koma gida, ya koyi aikin kanikanci a garejin Goliardo Freddi da ke Milan, kuma wannan maigida shi ne ya tsaya masa har ya fara tsere a 1957, daga baya ma ya aurar masa da 'yarsa Margherita.

Ya shiga Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a 1961, Ferrari ta ɗauke shi a 1962. Nasararsa ɗaya tak a wannan gasa ita ce ta Ostiriya a 1964, amma a tseren dogon zango ya yi fice sosai, inda ya lashe tseren awa 24 na Le Mans a 1963 tare da Ludovico Scarfiotti, da na Daytona a 1967 tare da Chris Amon. Abin da ya fi burge ni game da halinsa shi ne abin da ya yi a Meziko a 1964, lokacin da ya kauce a zagayen ƙarshe ya ba abokin aikinsa John Surtees hanya, kuma makin da Surtees ya samu ta haka ne ya ba shi kambun duniya.

Hatsarin ya auku ranar 7 ga Mayu 1967 a Monako, inda ake tsere a kan titunan gari masu ƙunci da kwana-kwana, direba bai hutawa da canjin giya da taka birki har tsawon zagaye 100 da ake yi a wancan lokaci. A zagaye na 82, yana matsayi na biyu a bayan Denny Hulme, motarsa ta bugi shingen kwanar da ke bakin tashar jiragen ruwa, ta afka cikin dammunan bambaro da aka jera a gefen hanya, ta kife da shi a ƙarƙashi. Tankin mai ya fashe, fetur ya kwarara a kan ƙarfe mai zafi, bambaron nan da aka ajiye domin kariya ya zama makamashi. Masana da yawa suna ganin gajiya ce ta sa sitiyari ya ƙwace masa.

A ganina, ba karon ne kaɗai ya kashe shi ba, rashin shiri ne ya ƙarasa shi. Ma'aikatan bakin hanya ba su da tufafin da ke jure wuta, sai da mintoci suka shuɗe kafin su birkito motar su jawo shi, ga kuma jirgi mai saukar ungulu na masu ɗaukar hoto yana shawagi ƙasa-ƙasa, iskarsa tana hura wutar. Duk wanda ya taɓa ganin fetur ya kama a gareji ya san cewa minti guda ma ya yi yawa. Wuta ta cinye fiye da kashi 70 cikin 100 na jikinsa, ya rasu a asibitin Monako ranar 10 ga Mayu, yana da shekara 31.

Bayan rasuwarsa an hana amfani da dammunan bambaro a wuraren tseren Formula 1, aka maye gurbinsu da shingayen ƙarfe, sannan a 1968 aka rage tseren Monako zuwa zagaye 80, Ferrari kuwa ba ta aika mota ko ɗaya zuwa tseren na wannan shekara ba.