Tambaya da Amsa: 504 Ɗin Gado, a Sauya Mata Inji ko a Bar Ta da Nata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji Peugeot 504 haɗin Kaduna daga mahaifina. Tana yawan zafi, ruwa kuma yana shiga baƙin mai. Wasu abokai sun ce in ɗora mata injin Toyota, wasu sun ce ɓata ta zan yi. Ina mafita? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Allah Ya jiƙan Baba. Mu dai muna bayan masu cewa a bar ta da injinta, domin ciwon da ka faɗa yana da magani.

Injin XN1 mai cc 1971 da ke cikin yawancin 504 ɗin da kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, silib ɗinsa, wato bututun da fistin ke hawa da sauka a ciki, a cikin ruwa suke zaune, kowanne da sil mai hana yoyo a gindinsa. In ruwa ya gauraya da mai, ko dai gasket ya ƙone, ko sil ɗin nan ya saki. A nan ne ake yawan yin ɓarna: makaniki ya ɗaga tof, wato kan inji, ya juya karanshaf bai danne silib da ƙarfe da noti ba. Fistin ya tura silib sama, sil ya yage, a ɗaure gasket sabo fil, bayan kwana kaɗan mai ya sake zama kamar kunu. Ka tsaya a kansa ranar aikin. Tof ɗin na alminiyam ne, zafi na lanƙwasa shi, don haka a auna shi kafin a mayar. Inji na sanyi a saita bawul: 0.10 mm na shiga, 0.25 mm na fita. A wanke lagireto, a duba famfon ruwa da fanka, kuma kada ka yarda a cire tamostat a jefar.

Batun Toyota kuwa, ba ɗora injin ne wahalar ba. Furofelar 504 a cikin bututun ƙarfe take, wanda ya haɗe giyabos da difaransha. Giyar Toyota ba ta zama a bakinsa sai an yanka an yi walda, kuma in saitin ya kauce ko kaɗan, karkarwa ba za ta bar motar ba. Idan injin ya mutu murus, nemi na 505 irinsa a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, sannan a gyara lambar inji a takardun mota.

Tambaya: Ina son sa wa tawa manyan rim na zamani. Akwai illa? Daga Maraɗi.

Amsa: Akwai, Alhaji. Ramukan ƙafar 504 huɗu ne a kan da'irar 140 mm, alhali yawancin rim masu rami huɗu da ke kasuwa 100 ne ko 114.3. Faɗaɗa rami da dirila ganganci ne da rai: noti ba ya zama daidai, yana iya kwancewa ana cikin gudu. Siririyar tayar da ake ɗora wa manyan rim kuma tana kashe laushin tafiyar da aka san motar da shi a hanya mai gargada. In kwalliya kake so, rim ɗin 505 zai zauna lafiya.

Sauyin da muke goyon baya shi ne cire kwantak, wato ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don ba fulogi wuta, a sa na lantarki a cikin distiributa. Tashi da safe zai yi sauƙi, ka huta da saita gibin 0.40 mm kullum. Tsohon kwantak ɗin da kwandansa ka ajiye su a but, saboda doguwar tafiya.