Ramin boris ya ƙi karɓar boris: ina matsalar take, a firinta ko a manhajar yanka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina buga ƙananan kayan gyara da firinta ta 3D, da zaren roba na PLA da nozul (bakin da ke fitar da narkakkiyar roba) mai milimita 0.4. Na zana mazaunin boris mai lamba 608, na ba shi rami milimita 22 daidai, amma da ya fito sai na auna 21.7, boris ya ƙi shiga. Na buga ɗan akwatin gwaji na milimita 20 ya fito 20.15, sai na rage takun moto na X da Y, wato yawan takun da yake yi a kowace milimita, daga 80 zuwa 79.4. Akwatin ya daidaita, amma yanzu dogon abu mai milimita 150 yana fitowa da gibin kusan milimita ɗaya, ramin kuma ya ƙara matsewa. Me zan taɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin komai, mayar da takun moton nan 80 yadda ka same shi. Lambar ba ƙiyasi ba ce, lissafi ne. Moto yana taku 200 a zagaye guda, direba, wato na'urar da ke sarrafa moton, yana raba kowane taku gida 16, ya zama 3200. Fuli mai haƙori 20 a kan bel ɗin GT2, wanda tazarar haƙoransa milimita 2 ce, yana jan milimita 40 a zagaye. Raba 3200 da 40, ka samu 80. Muddin bel bai saki ba kuma fuli bai kwance ba, kan nozul yana zuwa inda aka tura shi. Abin da ya ƙaru a jikin akwatinka roba ce da ta bazu, ba tafiyar na'ura ba.

Kuskuren girma iri biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai wanda yake tsayayye, ba ruwansa da girman abu: ko ƙarami ko babba, ƙarin 0.15 ɗin nan ne. Akwai kuma wanda yake bin tsawo, abu na ƙara girma yana ƙaruwa. Akwatin milimita 20 shi kaɗai ba zai taɓa gaya maka wanne kake fama da shi ba, shi ya sa ba na ganin hikimar yadda ake dogaro da shi. Buga siririn abu mai siffar L, kowane hannu milimita 100, ka bar shi ya huce sarai, sannan ka auna shi tare da akwatin, a tsakiyar jiki, nesa da gindi da kusurwa. Idan 20 ya ba ka 20.15, 100 ya ba ka kusan 100.15, tsayayyen kuskure ne. Idan 20 ya zo 19.9, 100 ya zo 99.5, robar ce ke tsukewa bayan ta huce. Kai ka ɗauki maganin na biyu ka ba wa na farko, shi ya sa ƙaramin ya warke babban ya kamu.

Tsukewa ita ce mai sauƙi. PLA kaɗan take yi, sau da yawa ba ta kai a damu ba. Zaren ABS da ASA da nailan su ne masu ja da baya sosai. Idan 100 ya fito 99.4, raba 100 da 99.4, ka faɗaɗa X da Y zuwa kashi 100.6 cikin ɗari. OrcaSlicer, ɗaya daga cikin manhajojin yanka (masu yanyanka zane shimfiɗa-shimfiɗa don firinta ta buga), yana da gurbin wannan a saitin kowane zare, amma a can 99.4 ɗin da ka auna za ka rubuta, ba 100.6 ba; ka sa sau ɗaya ka huta.

Tsayayyen kuskure kuwa, yawanci daga yawan robar da ke fita yake farawa, don haka can za ka fara dubawa kafin ka taɓa kowane saitin ramako. Yi alama a jikin zare milimita 120 daga mashigarsa, ka umarci na'ura ta ja 100. Ya kamata 20 su rage. In sun rage 14, tana tura fiye da abin da aka ce mata. Bayan wannan ka auna kaurin zaren a wurare da dama, domin abin da aka rubuta 1.75 a kwali ba kullum yake 1.75 cif ba. Sai ka gyara adadin kwarara, wato yawan robar da nozul ke fitarwa, a manhajar yanka, kana rage kashi ɗaya ko biyu, kana duban saman abin da ka buga: idan farce yana kama tudu tsakanin layuka, roba ta yi yawa, idan ana hango ƙasa ta tsakaninsu, ta yi kaɗan. Wanda ya tsallake wannan ya tafi kai tsaye ga ramako, duk ranar da ya sauya zare sai ya koma farko.

Akwai kuma wani saiti da mutane ba su cika lura da shi ba, wato jerin buga bango. A al'ada manhaja tana fara bangon ciki, sannan na waje. Na wajen sai ya tarar da maƙwabcinsa ya riga ya cika wuri, ragowar robar ta bulbulo waje. In ka ce a fara da na waje, yana zama a inda aka zana shi, girma ya fi fitowa daidai. Illarsa ita ce a wurin da bango ya yi rataya ba abin jingina, sai ya yi muni. Ga mazaunin boris da makamantansa, ni na waje nake sa wa ya fara.

Yanzu ramin. Ko da komai ya daidaita, rami a irin wannan firinta yana son fitowa ƙasa da yadda aka zana, kuma dalilan sun taru ne. Fayil ɗin STL, wanda ake fitar da zane a cikinsa don bugawa, bai san da'ira ba, gajerun miƙaƙƙun layuka yake jerawa, kowanne kuma yana yanke ta cikin da'irar. Ramin milimita 22 da aka fitar da gefe 32 ya riga ya yi asarar kusan 0.1 tun kafin a kunna na'ura, don haka ƙara laushin fayil ɗin a manhajar zane. Sannan idan nozul yana zagaya da'ira, narkakkiyar robar tana janyuwa zuwa tsakiya, kuma ɓangaren ciki na layin ya fi cunkushewa. Ƙaramin rami ya fi shan wannan wahala. Ga kuma ɗinki, wurin da kowane zagaye ke farawa ya ƙare, wanda ke barin ɗan ƙullutu. Ƙullutun nan kaɗai ya isa ya hana boris shiga, alhali sauran ramin lafiya lau.

A manhajar yanka ta Cura za ka ga saitin Horizontal Expansion da Hole Horizontal Expansion. Na farko yana taɓa dukkan gefuna, na biyu ramuka kawai. PrusaSlicer yana da XY Size Compensation, OrcaSlicer da Bambu Studio kuma sun raba na rami daban, na kewayen waje daban. Abin da ke rikita mutane shi ne lambar ta kowane gefe ce. Ka sa -0.07 a na gaba ɗaya, faɗin abu ya ragu 0.14, rami ya buɗe 0.14. Kenan a naka, idan bayan gyaran kwarara ramin ya tsaya a 21.8, abin da za ka ba shi 0.1 ne, ba 0.2 ba. Ka kuma sani saitin rami yana aiki ne a kan ramin da ke kallon sama. Wanda ya ratsa ta gefe, manhaja ba ta ganinsa a matsayin rami, samansa kuma yakan zubo ya zama kamar ƙwai. Irin wannan sai dai a juya kwanciyar abin, ko a yi wa saman ramin tsini a zane, ko a bi shi da abin huji.

Duba gindin mazaunin naka ma. Shimfiɗar farko ana danna ta a kan faranti mai zafi don ta kama, sai ta bazu waje ta kuma shigo cikin rami, abin da ake kira ƙafar giwa. Sau da yawa mutum yana auna bakin ramin ta ƙasa ya ce duk ramin ya matse, alhali shimfiɗa biyu ko uku ne kawai. PrusaSlicer da OrcaSlicer suna da saitin rage ta, wajen 0.1 zuwa 0.2 yakan isa; a Cura kuwa sai ka ba faɗaɗawar shimfiɗar farko lamba mai ragi. Ko ka zaftare bakin gindin da rabin milimita a zane.

Tsayi kuma nasa daban ne. Da kaurin shimfiɗa 0.2, na'ura ba ta iya ba ka 10.1, sai dai 10.0 ko 10.2. Boris ɗinka kaurinsa milimita 7 ne, shimfiɗa 35 cif, don haka a nan ka tsira.

Sai dai akwai gyara a zanenka shi kansa. Boris mai faɗin 22 da rami mai faɗin 22, ko injin da ya fi naka kyau ne ya yanka su, sai an yi dole kafin su haɗu. Rata a zane ake sa ta, gwargwadon aikin da kake so. A firinta da aka saita da kyau, kimanin 0.1 a kan faɗi yana ba da shiga da matsi, 0.2 shiga da hannu ba girgiza, 0.3 zuwa 0.4 abin da zai zame ko ya juya. Waɗannan mafari ne kawai, kowace na'ura da kowane zare da nasu hali. Kada ka sake buga mazaunin gaba ɗaya don gwaji. Zana siraran zobba huɗu masu tsayin milimita 5, ramukansu 22.0, 22.1, 22.2 da 22.3, ka rubuta lamba a jikin kowanne, ka buga su da saitin da za ka yi ainihin aikin da shi. Wanda boris ya shiga da dannawar babban yatsa, ya kuma ƙi faɗowa in ka kifa shi, lambarsa za ka sa a zane. PLA ba ta da haƙurin matsi, in ka tilasta mata da guduma tsagewa take yi, don haka ka ba kewayen ramin bango huɗu aƙalla. In ka koma zaren PETG, sake buga zobban.